Daga Ƙoƙon Bara Zuwa Allon Karatu: Haƙƙin Makafi na Kaiwa ga Rubutu a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi matsayin makafi da masu raunin gani a ƙasar Hausa, musamman Arewacin Nijeriya, ta fuskar tarihi da doka da halin da makarantu suke ciki. Hujjar da ta kafa ita ce, al'ummar Hausa ta daɗe da ware wa makaho gurbi, har da unguwa da sarauta, amma gurbi ne na mai miƙa hannu a ba shi. Dokokin da aka yi daga 2006 zuwa yau sun ba shi haƙƙoƙi masu yawa a rubuce, sai dai kaɗan ne suka iso hannunsa, domin kusan kowane ɗayansu yana rataye ne a kan abu guda da mafi yawan makafinmu ba su samu ba, wato iya karanta rubutu da kansu. Takardar ta taɓo batun yaran da ke yin jagora, da fasahar zamani, sannan ta kawo shawarwari.

Gabatarwa



Binciken ƙasa kan makanta da raunin gani da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40 makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13 ke nan a lokacin. Rabon bai zo daidai ba. A Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 6.1, a Kudu maso Yamma kuwa kashi 2.8 ne. Binciken ya kuma gano cewa makanta ta fi yawa a cikin mata, da tsofaffi, da waɗanda ba su yi karatu ba. A cikin abubuwan da ke jawo makantar, yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin 100, sai hawan jinin ido da kusan kashi 17. Abin da ya fi sosa rai shi ne, kashi 84 cikin 100 na wannan makanta irin wadda ake iya kauce mata ce ko a yi maganinta.

Ta ɓangaren magani an yi rawar gani. Asibitin ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga rabon ƙwayar Mectizan da aka fara bayarwa kyauta tun 1987 domin makantar rafi. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da wannan cuta, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka. Wannan aiki ne na likitoci, kuma sun fi ni sanin hanyarsa. Magana tawa a kan wanda likita ya duba ya ce ido ya tafi ce. Daga ranar da aka faɗa masa haka, ina ya nufa, kuma me al'umma ta tanadar masa?

Gurbin makaho a al'adar Hausa

Ba adalci ba ne a ce Bahaushe ya yi watsi da makaho. Lokacin da Bature ɗan yawon buɗe ido Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa akwai unguwa ta musamman ta makafi a cikin ganuwa, kuma suna da wani abu da sarki yake ba su, ban da abin da suke samu a kasuwa da kan hanya. Har yau sunan unguwar Makafin Dala bai ɓace a bakin Kanawa ba. Sarautar Sarkin Makafi tana nan a manyan masarautu, da fadawanta da tsarinta: shi ke sasanta rikici, shi ke karɓar baƙon makaho ya nema masa masauki, shi ke magana da fada a madadin jama'arsa. Tsarin ya bi Hausawa har ci-rani. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda makafi da guragu da kutare kowanne suke da nasu shugaban. Akwai kuma sana'a, domin an san makafi da tufkar igiya.

Addini ma bai bar makaho a baya ba. Kowane ɗalibin makarantar allo ya san dalilin saukar Suratu Abasa, ya san Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya yi ladanci a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma aka riƙa bar masa riƙon Madina idan an fita yaƙi. A lura da kyau: ilimi ya zo nema ranar da surar ta sauka a kansa, kuma muƙamin da aka ba shi daga baya na shugabanci ne. A namu ɓangaren muna da Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rayu daga 1894 zuwa 1990, ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya tsara waƙar Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

To ina matsalar take? Tana cikin irin gurbin. Tsarin gargajiya ya tabbatar makaho ba zai kwana da yunwa ba, amma ya ɗaure cinsa da shansa ga tausayin mai ido. Mai bayarwa yana neman lada, mai karɓa yana yin addu'a, kowa ya san matsayinsa, kuma ba a sa ran wani zai tashi daga nasa. Shi ya sa idan yaro ya makance a ƙauye, maganar da ake yi a tsakar gida ita ce wa zai riƙa kai shi gari ranar Juma'a. Da wuya a ji wani ya tambayi wace makaranta za a kai shi. Iyayen ba mugunta suke yi ba. Hanyar da suka taɓa gani ke nan, ita kaɗai.

Ɗan jagora

Ina so in daɗe kaɗan a kan wani mutum da ba a cika lissafa shi ba idan ana ƙidayar asarar da makanta ke jawowa. A tsaya a kowace babbar mahadar titi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato da hantsi. Za a ga dattijo ya ɗora hannun dama a kafaɗar yarinya 'yar shekara takwas ko tara, ko kuwa ita tana gaba riƙe da kan sanda shi yana riƙe da gindinta. Da danja ta tsayar da motoci sai ta ja shi su ratsa tsakani, tana ƙwanƙwasa gilashi da roba, idonta ɗaya a kan direba ɗaya a kan fitila. Lokacin nan sa'o'inta suna aji.

Yarinyar nan lafiyar idonta lau, amma makantar mahaifinta ko kakanta ta raba ta da makaranta kamar yadda ta raba shi. Duk babban makaho guda da ba a koya wa tafiya shi kaɗai ba yana iya cire yaro guda daga karatu. Abin takaicin shi ne maganin wannan ba shi da tsada. Farar sanda da horo na 'yan watanni ne. Mai koyarwa zai nuna wa mutum yadda zai riƙe sandar a tsakiyar jikinsa, yana kaɗa bakinta dama da hagu daidai faɗin kafaɗunsa, ta taɓa inda ƙafarsa ta gaba za ta sauka kafin ta sauka. Zai koyi sauraron bango da fili, da gane hanya ta ƙarar injin markaɗe ko ƙamshin mai ƙosai, da ƙirga kwana daga gida zuwa masallaci. Masu irin wannan horo kaɗan ne ƙwarai a Arewa, kuma ko wanda ya ƙware sai ya yi fama da titunanmu: kwata a buɗe ba murfi, 'yan tireda sun cinye gefen hanya, babur yana hawowa inda mai ƙafa yake bi.

Nan ne nake da ja da yadda ake hana bara. Kano ta yi dokar hana bara a titi a 2013, wasu jihohi ma sun bi sahu. Ba na goyon bayan bara, kuma makafi masu ilimi su ne kan gaba wajen ƙyamarta. Amma kwashe mutum a mota a kai shi wani gida a ajiye, ba a koya masa karatu ba, ba a koya masa sana'a ba, ba a mayar da 'yar jagorarsa makaranta ba, ba ya rage komai sai ganinsa da masu mota suke yi. Bayan mako biyu zai dawo, domin yunwa ba ta san doka ba.

Abin da doka ta tanada

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Masu Buƙata ta Musamman a Disambar 2006, Nijeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar a Satumbar 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018. Dokar ta ce ilimi kyauta ne a gare su har zuwa sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da kowa kuma su tanadi malamai da kayan aiki, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta sa tarar naira miliyan 1 a kan kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida a kan mutum. Ta haramta amfani da nakasasshe wajen bara. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar ƙasa mai kula da aiwatar da ita a 2020.

An ga wasu alamu na motsi. Hukumar zaɓe ta fara amfani da jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi na Braille a zaɓen gwamnan Osun na 2018, sannan a babban zaɓen 2019. Hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman a 2017 wanda ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na daban.

Yanzu a ɗauki waɗannan haƙƙoƙi ɗaya bayan ɗaya. Jagorar ƙuri'a tana amfanar wanda ya iya Braille ne kawai. Wanda bai iya ba sai ya raɗa wa wani jam'iyyar da yake so, ya yi fatan za a dangwala masa inda ya ce. Gurbin aiki na kashi 5 yana buƙatar takardar shaidar karatu. Cibiyar jarrabawa tana jiran wanda ya gama sakandare. Kai ƙara a kan wariya yana buƙatar wanda ya san akwai dokar. Duk inda aka bi, sai an dawo kan rubutu.

Rubutu

Louis Braille, ɗan ƙasar Faransa da aka haifa a 1809, ya rasa ganinsa yana yaro bayan ya ji rauni a shagon dukancin mahaifinsa. Yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun da ake kira da sunansa, aka buga shi a 1829. Ɗigo shida ne a jere biyu, uku-uku, kuma daga cikinsu ake fitar da siffofi 63, waɗanda suka isa haruffa da lambobi da alamomin lissafi. An daidaita shi da Larabci, an daidaita shi da Hausa, har ɓ da ɗ da ƙ suna da alamominsu.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake rubuta shi da hannu ba, ga yadda yake. Ana matse takarda mai kauri a tsakanin fuska biyu na wani allo mai ƙananan tagogi. Ɗalibi ya riƙe ɗan tsinke mai kai kamar basilla, yana danna ɗigo ɗaya-ɗaya a cikin kowace taga. Tunda ɗigon ta bayan takarda yake fitowa, dole ya rubuta daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye, sai ya gama ya cire takardar ya kifa ta, sannan ya bi da yatsa daga hagu zuwa dama. Yaro ɗan shekara bakwai yana ƙwarewa a wannan idan ya sami malami. Na faɗi haka ne domin masu cewa karantar da makaho abu ne mai wuyar gaske su san wuyar ba a kan yaron take ba.

Makarantar makafi ta farko a Nijeriya a Arewa aka buɗe ta, a Gindiri ta jihar Filato, a 1953, ƙarƙashin mishan ta SUM. Daga cikin waɗanda suka fito daga can akwai Bitrus Gani-Ikilama, wanda ya zama ƙwararren likitan gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa gidauniyar Hope for the Blind a Zariya. Daga baya jihohi suka buɗe nasu makarantun, irin ta Tudun Maliki a Kano, aka kuma kafa kwalejin horar da malaman ilimi na musamman a Oyo a 1977. Jami'ar Bayero da ta Jos suna da sassan wannan fanni, kuma a Bayero ne Jibril Isa Diso, makaho, ya kai matsayin farfesa. Shekara 70 da ɗoriya ke nan da muka tabbatar abin yana yiwuwa. Amma makaranta ɗaya ko biyu a babban birnin jiha ba za ta ɗauki yaran ƙananan hukumomi 44 na Kano ko 34 na Katsina ba, kuma uwa a ƙauye ba ta cika yarda ta tura makauniyar 'yarta ƙarama makarantar kwana mai nisa ba. Tsoronta ba na banza ba ne.

Ko yaron da ya sami shiga, me zai karanta? Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ne ake mayarwa yadda makaho zai iya karantawa, a ƙasashe matalauta kuwa abin bai kai haka ba. A da, har doka tana cikin masu hanawa, domin juya littafi zuwa Braille ko sauti ba da izinin mai shi ba keta haƙƙin mallaka ne. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta zo ta warware wannan, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta shigar da ita cikin dokokin ƙasa. Yau makaranta ko ɗakin karatu da aka amince da shi yana iya juya littafi domin makafi ba tare da neman izini ba, yana kuma iya karɓo wanda aka riga aka juya a wata ƙasa.

Wannan damar ta fi amfanar littattafan Ingilishi da Faransanci da Larabci, domin akwai inda za a karɓo su. Littafin Hausa kuwa babu wata ƙasa da za ta juya mana shi. Idan ba a yi a Kano ko Zariya ko Damagaram ba, ba za a yi ba. Mu tambayi kanmu, mu malaman Hausa: a ɗakunan karatunmu nawa ne makahon ɗalibi zai sa hannu ya ɗauko Imfiraji ya karanta da yatsunsa? Waƙar makaho ce, makafi ne suka yaɗa ta da baki ƙofa-ƙofa, masu ido suna rubuta kundin digiri a kanta, shi kuwa ɗalibin da ya fi kowa kusa da mai ita sai ya jira abokin ɗakinsa ya sami sarari ya karanta masa.

Waya da kwamfuta

Wasu za su ce zamanin Braille ya wuce tunda waya tana magana. Gaskiya ne manhajojin da ke karanta abin da ke kan allo sun sauya rayuwar makafi. Wayoyin Android suna zuwa da TalkBack, na Apple da VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai JAWS mai tsada da NVDA ta kyauta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka gina. Makaho mai waya yau yana tura kuɗi, yana karanta labarai, yana shiga zaurukan WhatsApp.

Duk da haka sauraro ba ya maye gurbin karatu. Wanda bai taɓa bin kalma da yatsa ba ba zai san yadda ake rubuta ta ba, ba zai san inda aya take ba, lissafi kuma zai yi masa nisa. Sannan akwai matsalar harshe. Muryoyin da makafinmu suke amfani da su a waɗannan manhajoji galibi na Ingilishi ne. Idan suka ci karo da saƙon Hausa sai su furta shi da lafazin Bature, su yi tuntuɓe a kan haruffa masu lanƙwasa, karin sauti da tsawon wasali kuwa babu su sam. Ɗalibi mai Ingilishi yakan saba da wannan gurɓataccen furuci ya riƙa cankar ma'ana. Dattijon da yanar ido ko hawan jinin ido ya makantar yana ɗan shekara 60, wanda Hausa da Larabci kaɗai ya sani, ba abin da zai tsinta a ciki. Kuma binciken da na ambata a farko ya nuna irin wannan dattijo shi ne mafi yawan makafinmu.

Abin da ya kamata a yi

Na farko kuma mafi sauƙi yana hannun ma'aikatun ilimi na jihohi. Duk kamfanin da za a sayi littafin makaranta a wurinsa a sa masa sharaɗin miƙa kwafin littafin na kwamfuta, rubutacce wanda manhaja za ta iya karantawa. Daga wannan kwafi ɗaya ake fitar da Braille, da manyan haruffa domin masu raunin gani, da sauti. Ba ya buƙatar sabuwar doka, layi ɗaya ne a takardar kwangila.

Maimakon jiran gina makarantun kwana, a zaɓi firamare ɗaya a kowace ƙaramar hukuma a ba ta ɗaki mai kayan aiki da malami ɗaya da ya iya Braille da koyar da tafiya da sanda. Yaro ya zauna aji ɗaya da sauran yara, ya riƙa zuwa ɗakin a wasu sa'o'i, ya kwana a gidan iyayensa. Makarantun Islamiyya su shigo ciki, domin akwai Alƙur'ani da rubutun Braille, kuma uba da yawa da zai yi jinkirin kai ɗansa boko ba zai yi jinkirin kai shi inda zai karanta Alƙur'ani da hannunsa ba. Sarakunan makafi su ne suka san gida-gida inda yaran suke. Duk shirin da ya tsallake su zai daɗe yana neman ɗalibai.

Hukumomin zakka da masu hannu da shuni su karkatar da wani kaso na abin da suke rabawa zuwa farar sanda, da allon rubutu, da takarda, da albashin mai horarwa. Duk tallafin da za a ba babban makaho a haɗa shi da sharaɗin mayar da ɗan jagorarsa makaranta, a kuma bi sawu a ga ya koma.

Sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu su haɗa hannu su samar da muryar Hausa ingantacciya, ta kyauta, wadda za a iya ɗora wa NVDA da wayoyin hannu. Makafi su kasance cikin masu ginawa da masu gwadawa tun daga farko, kuma a biya su ladan aikinsu. Ƙungiyar Makafi ta Nijeriya tana da rassa a jihohi, a cikinsu akwai malamai da lauyoyi da masana kwamfuta.

Shawara ta ƙarshe ga masu shirya taron da aka gabatar da wannan takarda ce. Idan za a tattara takardun da aka gabatar, kada a ɗauki hotonsu a rarraba, domin manhajar makaho ba ta karanta hoto. A karɓi rubutaccen kwafi daga kowane mai gabatarwa, a sa bayani a ƙarƙashin kowane jadawali da zane, a aika wa sassan ilimi na musamman na jami'o'inmu da makarantun makafi na jihohi kafin a kai wa maɗaba'a.